Malam Muhammadu Al-Katsinawi, Gwanin Lissafi

Ran nan ina gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Jos, sai wani yaro ya ce mini shi lissafi ba ya shiga kansa, don wai ilmin Turawa ne. Na rasa abin da zan ce masa, gama a makarantar Mishan inda na yi karatu ban taɓa jin sunan wani masanin lissafi na ƙasarmu ba. Wannan ya sa na shiga bincike, har na sami labarin mutumin nan.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, mutumin Katsina. Ya yi karatu wurin manyan malamai, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Daga baya ya tafi aikin Hajji, sa'an nan ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Ya rasu a 1741 a gidan abokinsa Hasan Al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan Hasan ɗin, watau Abdurrahman mai rubuta tarihin Masar, shi ya ajiye mana labarinsa.

To, mene ne hatimi? Zane ne mai ɗakuna, a zuba lambobi ciki yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa ɗaya ce. Ga ƙaraminsu:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina ka tara, 15 za ka samu. Malaman tsibbu suna amfani da shi wajen laya, amma ƙa'idarsa lissafi ce zalla. Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyin gina hatimi wanda yawan layukansa mara ne, ba cika ba, kamar 3, 5, 7.

Asirin jimlar ga shi. Ɗauki lambar da ke tsakiyar jerin, ka yi ta sau yawan layuka. Daga 1 zuwa 9 ta tsakiya 5 ce, biyar sau uku kuwa 15. Mai layi biyar 13 sau 5, watau 65. Na gwada mai layi 101. Ɗakunansa 10,201 ne, ta tsakiya 5,101, jimlar kowane layi kuwa 515,201. Wannan lamba mara ce. Ban da 1 da ita kanta, ba abin da ke raba ta daidai sai 101 da 5,101, su biyun kuma ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu.

Kashegari na zana ƙaramin hatimin a allo, na share ɗaki huɗu, na ba su labarin Bakatsinen nan. Yaron nan shi ya fara cike su.

'Yan'uwana malaman gobe, mu riƙa gaya wa yara sunan wannan mutum tun ranar da muka fara koya musu tarawa.