Tarihin Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Zazzau

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga tarihin Muhammadu Durugu, wanda ake kira kuma Malam Mika'ilu, maginin da ya tashi a Zariya cikin zamanin da ya biyo bayan jihadin Shehu Usmanu. Saboda fifikonsa a kan magina aka yi masa laƙabi da Babban Gwani, har yau kuwa akwai unguwa a birnin Zariya mai wannan suna.

Mafi girman aikinsa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, mai sarauta daga 1834 zuwa 1846. Babu siminti, babu ƙarfe. Da tubalin jar ƙasa ya ta da ginshiƙai, ya jera azarar giginya, wadda gara ba ta ci, guntu bisa guntu, yana ɗaurewa yana yaɓewa, har bakan gizo ya haɗu a sama, tulluwa ta zauna a kansa.

To, abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwan sama. Mutanen bakin teku, kamar na Zanzibar da Lamu, sukan ƙona dutsen murjani su sami farar ƙasar da za su shafe gini da ita. Mu da muke nesa da teku, Allah ya hore mana wani abu dabam. Magina sukan ɗebo katsi daga marina, su haɗa da gashin awaki na majema da ruwan dafara, shi ne laso, a dalaye soro da shi. Bango kuwa sai a yi masa makuba ta ɓawon ɗorawa. Ashe marini da majemi duk suna da hannu cikin gini.

Sunansa ya kai ƙasar Bauci, inda ya gina gidan Madaki a Kafin Madaki wajen 1860. Labarin da magina suka gāda shi ne, da ya gama wani masallaci a Birnin Gwari sai aka kashe shi, don kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Allah ya jiƙansa.

Bayan 1970 aka kewaye masallacin Zariya da sabon gini na siminti, aka kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos. Ya ku masu gina gidaje a Kakuri da Makera, ku tuna ɗakin ƙasa sanyi gare shi da bazara, ɗumi da hunturu, abin da yake bukata kurum yaɓe ne kafin damina. In tsofaffin da suka san haɗin laso suka ƙare ba su koya wa yara ba, kuɗi ba za su komo da wannan ilmi ba. Allah ya sa mu gane, amin. Tammat.