Sarki Tanimun: Wanda Ya Faɗi, Ya Sake Tashi

Ɗan'uwa matashi, in ka bi ta Birni ka ga sauran tsohuwar ganuwar Damagaram, ka tuna da Sarki Tanimun ɗan Sulaiman. Kowa ya san shi da ƙarfin mulki, amma ba kowa ya san da faɗuwa ya fara ba.

A 1841 ya hau gadon sarauta bayan ya ture ɗan'uwansa Ibrahim. A lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Barno, Shehu kuwa bai yarda da wannan juyi ba. Shekara biyu kacal, a 1843, aka sauke shi, Ibrahim ya koma. Ka duba fa: jiya ana yi maka tambari, yau kowa a gari ya san an kore ka. Da wani ne, da ya haƙura ke nan.

Tanimun bai haƙura ba. A farkon shekarun 1850 ya dawo kan mulki, ya riƙe shi kusan shekara talatin, har rasuwarsa a 1884. Ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri. Ya ƙarfafa fatauci da Larabawa da Abzinawa masu ratsa hamada har Tarabulus, ana fitar da fata da gashin jimina, ana shigo da bindigogi. Bai tsaya ga saye ba, ya sa maƙeran gari suka riƙa zuba igwa, ana haɗa albarushi a nan gida. Aiki ne mai haɗari, wanda ba su gada ba, amma suka koya. Da haka Damagaram ta faɗaɗa, ta fara tsayawa da ƙafarta a gaban Barno.

Gaskiya ɗaya ce: zamaninsa na yaƙi ne da kamen bayi, wannan kuwa ba abin koyi ba ne. Abin ɗauka shi ne zuciyar da ba ta bar kunyar jiya ta hana ta aikin yau ba.

To kai fa? Wataƙila ka faɗi jarrabawa, ko jarinka ya karye, ko kana son koyon ɗinki ko gyaran waya amma kana gudun dariyar abokai. Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji. Ka yi shawara da manya, ka dogara ga Allah, ka fara da ɗan abin da ke hannunka. In bai yi ba, ka gano inda ka kuskure, ka sake gwadawa.