Jérôme Lejeune, likitan yara masu tirizomi 21

An haifi Jérôme Lejeune ranar 13 ga watan Yuni na shekara ta 1926, a Montrouge, wani gari da ke gab da Paris, babban birnin Faransa. Tun yana ɗan lakwal burinsa shi ne ya zama likitan ƙauye. Ya yi karatun likita a Paris, amma da ya gama bai tafi ƙauye ba. A shekara ta 1952 ya kama aiki wajen wani babban likitan yara mai suna Raymond Turpin. Shi kuwa ya ɗora shi a kan wasu yara da babu wanda ya san kan ciwonsu.

Waɗannan yara suna kama da juna kamar ƴan gida ɗaya. Fuskarsu zagaye take, idanunsu ƙanana ne, jikinsu ba shi da ƙwari. Sukan daɗe ba su fara zama ba, sukan daɗe ba su fara tafiya da magana ba. Da yawansu ana haihuwarsu da ciwon zuciya. Ana samun irinsu a kowace ƙasa, a Faransa da Nijar da Sin, a gidan mai kuɗi da gidan talaka. Cikin jarirai dubu, akan sami kamar ɗaya.

Wani likitan Ingila, Langdon Down, ya bayyana kamanninsu tun shekara ta 1866, amma bai gano dalili ba. Da yake ba a san dalili ba, sai kowa ya riƙa faɗin nasa. Wasu suka ce wata mugunyar cuta ce iyayen suka ɗauka. Wasu suka ɗora wa uwa laifi. Saboda kunya, iyaye da yawa suka riƙa ɓoye ƴaƴansu cikin gida.

To, ina dalilin yake? Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin da ke ƙara girman abu. Cikin ƙwayar akwai wasu abubuwa kamar guntayen zare, ana kiransu kuromozom. Su ne ke ɗauke da abin da yaro ya gada daga iyayensa. A shekara ta 1956 masana suka ƙidaya su daidai: 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba. Bibbiyu suke tafiya, kamar takalma.

Turpin ya so a ƙidaya na waɗannan yara. Amma sai an fara rainon ƙwayoyin cikin kwalba, kuma wannan aiki ne mai wuya. Wata likita mai suna Marthe Gautier ta koyo shi a Boston, ƙasar Amurka. Ita ce ta kafa ɗakin bincike a asibitin Trousseau, cikin Paris. Kuɗi babu. Ta ci bashi ta sayi kwalabe, har da jinin jikinta ta yi aiki. A shekara ta 1958 aka duba ƙwayoyin wani yaro. Aka ƙidaya, aka sake ƙidayawa: 47 ne! Lejeune ya kai su inda aka ɗauki hotonsu da madubi mai ƙarfi. A watan Janairu na 1959 su ukun suka sanar da duniya.

Kuromozom ɗin da ya ƙaru na lamba 21 ne. Maimakon biyu, yaran suna da uku. Shi ya sa ake kiran abin tirizomi 21. Haka yake faruwa tun ranar da ciki ya shiga. Ba abin da uwa ta ci ba ne, ba inda ta bi ba ne, ba baki aka yi mata ba. Ba ya kuma yaɗuwa daga wani yaro zuwa wani.

Sunan Lejeune ne aka rubuta a farko, shi kuma duniya ta sani. Shekaru hamsin bayan haka, a 2009, Marthe Gautier ta fito ta ce ita ce ta fara ganin kuromozom ɗin. An yi gardama sosai. Abin da ba shi da gardama shi ne, ba don kwalabenta ba da babu abin da za a ƙidaya, kuma an daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba.

Lejeune ya ci gaba da bincike. A shekara ta 1963 shi da abokan aikinsa suka gano dalilin wani ciwo da ke sa jariri kuka kamar kyanwa. Wani yanki ne na kuromozom lamba 5 ya ɓace. A 1964 aka naɗa shi farfesan ilimin gadon halitta a makarantar likitoci ta Paris. Shi ne na farko da ya hau wannan kujera. Daga nan ya shugabanci sashen binciken kuromozom a Necker, tsohon asibitin yara na Paris.

Aikin shugaban sashe ba kaɗan ba ne. Yana koyar da ɗalibai, yana lura da masu bincike, yana neman kuɗin aiki. Duk da haka bai bar duba yara da kansa ba. Iyaye suna kawo masa ƴaƴansu daga nesa. Yakan yi musu bayani da sauƙin harshe, ya nuna musu yadda za su kula da yaron, domin shi ma yana iya koyon abubuwa da yawa in an bi shi sannu.

Daga baya likitoci suka iya gane tirizomi tun yaro yana ciki, wasu iyaye kuma suka zaɓi a zubar da cikin. Lejeune bai yarda da haka ba, ya faɗa a fili. Wasu suka goyi bayansa, abokan aikinsa da yawa kuwa suka juya masa baya.

Babban burinsa shi ne ya samo magani. Ya nema har ƙarshen ransa, bai samu ba, kuma har yau ba a samu ba. Amma yanzu ana yi wa yaran aikin zuciya, ana sa su lakwal, da yawansu suna kai shekara 60.

Ciwon daji na huhu ya kama Lejeune a shekara ta 1993. Ya rasu a Paris ranar 3 ga watan Afirilu na 1994, yana da shekara 67. Ya bar matarsa Birthe da ƴaƴa biyar.