Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Makaranta Mai Kare Gumin Talaka

An haifi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa ta birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai masana shari'a. Bayan karatun allo da na Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, sannan ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi a 1942. A can ne ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa na siyasa. A 1946 ya tafi Jami'ar Landan domin ƙaro ilmin koyarwa.

Gwagwarmayarsa ta kare haƙƙin ma'aikaci daga cikin aji ta samo tushe. A wancan zamani malamin makaranta a Arewa ba shi da wata kafa ta kai kukansa game da albashi ko yanayin aiki. Saboda haka a 1948 ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, ya zama babban sakatarenta. Fahimtarsa ita ce, ma'aikaci shi kaɗai ba a sauraronsa, amma idan ya haɗa kai da 'yan'uwansa dole a saurare su, domin tsintsiya sai a ɗaure take shara.

A 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda ya zama shugabanta a 1953. Manoma da teloli da ƙananan 'yan kasuwa su ne ƙashin bayan jam'iyyar. Ta yaƙi aikin tilas da zaluncin da ake yi wajen karɓar haraji, a daidai lokacin da manyan kamfanonin Turawa suka mamaye cinikin gyaɗa, manomi kuwa ba shi da ta cewa a kan farashin abin da ya noma.

Ra'ayoyinsa sun ƙara fitowa fili lokacin da ya tsaya takarar shugabancin ƙasa a 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP. Manufar jam'iyyar ita ce manyan ginshiƙan tattalin arziki, irin su bankuna da inshora da man fetur, su kasance a hannun hukuma, domin kada dukiyar ƙasa ta taru a hannun 'yan tsiraru. Haka kuma ta jawo tsohon jagoran 'yan ƙwadago, Michael Imoudu, cikin shugabanninta. Alhaji Shehu Shagari ne ya ci zaɓen, amma Malam Aminu ya lashe Jihar Kano, jam'iyyarsa kuma ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna.

Nan da nan aka ga tasirin wannan aƙida. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, nauyin da manoma da makiyaya, har da na yankunan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, suka daɗe suna ɗauke da shi. A 1980 kuma Kano ta ware 1 ga Mayu a matsayin hutun ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Sai dai jam'iyyar ba ta tsira daga rikici ba, domin ta dare gida biyu, Taɓo da Santsi, har Imoudu da Rimi suka raba gari da Malam.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, duk da ya taɓa riƙe muƙamin kwamishinan tarayya. Gidansa na Mumbayya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Rayuwarsa ta nuna cewa neman haƙƙin malami da neman haƙƙin talakan da yake koyar da 'ya'yansa abu ɗaya ne. Allah ya jiƙansa da rahama.