Rosa Parks: Telar da ta ƙi tashi daga kujerar bas, ta girgiza dokar wariya a Amurka

Da yammacin ranar Alhamis, 1 ga watan Disamba na 1955, wata mata mai shekara 42 ta tashi daga aikin ɗinki a wani babban kanti na birnin Montgomery da ke jihar Alabama, ta hau bas za ta gida. Kafin ta isa gida a daren nan, sai da ta biya ta hannun 'yan sanda, aka ɗauki hoton yatsunta, aka kulle ta. Laifinta shi ne ta ƙi tashi ta bar wa wani farar fata wurin zama. Sunanta Rosa Parks.

An daɗe ana ba da labarinta tamkar na wata baiwar Allah da gajiyar aiki ta hana tashi. Ita kanta ta sha musanta hakan. A lokacin da aka kama ta, ta shafe shekara 12 tana cikin gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, kuma ta san abin da ƙin tashin zai iya jawo mata.

An haifi Rosa Louise McCauley ranar 4 ga watan Fabrairu na 1913 a garin Tuskegee. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta malamar makaranta. Da iyayen suka rabu, sai ta tashi a gidan kakanninta na wajen uwa a ƙauyen Pine Level. Tun tana ƙarama ta ga kakanta yana kwana zaune da bindiga a bakin ƙofa, saboda 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan da ke kai wa baƙaƙen fata hari cikin dare. Ta ga motar makaranta tana wucewa da 'ya'yan fararen fata, ita da 'yan'uwanta suna takawa a ƙasa.

Rashin lafiyar kakarta, sannan ta mahaifiyarta, ya katse mata karatu. A 1932 ta auri Raymond Parks, wani mai aski da ke cikin masu tara kuɗi don kare samarin nan baƙaƙen fata tara da aka yi wa ƙazafin fyaɗe a shari'ar Scottsboro. Shi ne ya ƙarfafa mata gwiwa har ta kammala sakandare.

A 1943 ta shiga reshen Montgomery na NAACP, ƙungiyar da ke fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata, aka naɗa ta sakatariya. Aikin ya sa ta riƙa tattara bayanan kisa da duka da fyaɗe waɗanda hukuma ta kau da kai a kansu. A 1944 ita aka tura garin Abbeville ta binciki lamarin Recy Taylor, matar auren da wasu fararen fata suka yi wa fyaɗe, ba a hukunta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta kuma yi ta kai da kawowa neman rajistar zaɓe ana mayar da ita, sai a 1945 ta samu.

Tsarin motocin bas na Montgomery kuwa wulaƙanci ne na kullum. Kujeru goma na gaba na fararen fata ne, ko da babu kowa a kansu. Baƙar fata zai biya kuɗi ta ƙofar gaba, ya sauko ya zagaya ya shiga ta baya, wani lokaci direba ya ja mota ya bar shi tsaye. Idan gaba ta cika, sai direba ya tayar da dukan layin da baƙaƙen fata ke zaune a tsakiya, domin ba a yarda su zauna a jere ɗaya da farar fata ba. Duk da haka, kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin baƙaƙen fata ne.

A ranar da aka kama ta, Rosa tana zaune ne a layin farko na sashen tsakiya. Da wani farar fata ya rasa wuri, direba James Blake ya umarci mutum huɗu su tashi. Uku suka tashi, ita ta yi zamanta. Wannan direban ne ya taɓa sauke ta daga motarsa a 1943. Ya kira 'yan sanda, suka tafi da ita.

Ba ita ce ta farko ba. A watan Maris na shekarar an kama Claudette Colvin, ɗaliba mai shekara 15, kan irin wannan. Sai dai Rosa mace ce da kowa ya sani da kamun kai da mutunci, a coci da cikin unguwa, don haka labarin kamunta ya ratsa gari nan take. E. D. Nixon, jagoran baƙaƙen fata na birnin, ya je ya yi belinta tare da lauya Clifford Durr da matarsa Virginia. A daren kuma Jo Ann Robinson, malamar kwaleji, ta buga dubban takardu na kira ga jama'a su ƙaurace wa bas ranar Litinin.

A ranar 5 ga Disamba kotu ta ci ta tarar dala 10, da dala 4 kuɗin shari'a. Motocin bas suka yi ta yawo kusan babu kowa ciki. Da dare dubban mutane suka hallara a cocin Holt Street, suka amince a ci gaba da ƙauracewar. Wanda aka zaɓa ya jagorance su wani matashin limamin coci ne mai shekara 26, Martin Luther King.

Ƙauracewar ta ɗauki kwana 381. 'Yan aikin gida da leburori sun riƙa taka sawu mai nisa cikin sanyi da ruwan sama, masu motoci kuma suka shirya jigilar jama'a a tsakaninsu. An jefa bam a gidan King a watan Janairu na 1956, a watan Fabrairu kuma aka sake kama Rosa tare da shugabanni da dama.

Hukuncin da ya kawo ƙarshen lamarin ya fito ne daga wata ƙara dabam da lauya Fred Gray ya shigar a kotun tarayya a madadin mata huɗu, cikinsu har da Aurelia Browder da Claudette Colvin. Ranar 13 ga Nuwamba na 1956 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa wariya a bas ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Ranar 21 ga Disamba baƙaƙen fata suka koma hawa bas, kowa ya zauna inda ya ga dama.

Nasarar ta zo wa Rosa da tsada. An sallame ta daga aiki, mijinta ma ya rasa nasa, ga barazanar kisa ta waya ba dare ba rana. A 1957 suka yi ƙaura zuwa Detroit, inda suka yi shekaru cikin ƙunci da rashin lafiya. Sai a 1965 ta sami aiki mai ɗorewa a ofishin ɗan majalisa John Conyers, ta zauna a nan har ta yi ritaya a 1988. A Detroit ma ba ta daina magana ba kan wariya a gidajen haya da makarantu da cin zalin 'yan sanda. Ta kuma shiga zanga-zangar adawa da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, kuma tana cikin waɗanda suka tarbi Nelson Mandela a Detroit a 1990.

Mijinta ya rasu a 1977, Allah bai ba su haihuwa ba. A 1987 ta kafa wata cibiya mai ɗauke da sunansu don tarbiyyar matasa. Shugaba Bill Clinton ya ba ta lambar yabo ta 'yanci a 1996, majalisar dokoki ta ba ta lambar zinariya a 1999.

Rosa Parks ta rasu a Detroit ranar 24 ga Oktoba na 2005 tana da shekara 92. Ita ce mace ta farko da aka ajiye gawarta a zauren ginin majalisar dokokin Amurka domin jama'a su yi mata ban kwana. A kwanakin makokin, an ɗaura baƙin ƙyalle a kujerun gaba na motocin bas a Montgomery da Detroit. Bas ɗin da aka kama ta a ciki yana nan a gidan tarihi na Henry Ford da ke jihar Michigan, inda masu ziyara ke shiga su zauna.