Alfred Wegener: Mutumin da Ya Nemi Sanin Kaurin Ƙanƙara

Ku da kuke zaune a Zungeru ko Minna, ƙanƙarar da kuka sani iri biyu ce. Akwai wadda takan faɗo tare da ruwan sama jefi-jefi, ta narke kafin yara su gama tsintarta. Akwai kuma wadda ake sayarwa don sanyaya ruwan sha. To, can arewacin duniya akwai wani babban tsibiri mai suna Girinlan, wanda ƙanƙara ta lulluɓe mafi yawansa. Faɗin ƙanƙarar ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato kusan ninki biyu na Nijeriya. Dusar ƙanƙara ce ta yi ta zuba shekaru dubbai, ta sama tana danne ta ƙasa, har ta daskare kamar dutse. Mutumin da za ku karanta tarihinsa ya je wannan tsibiri sau huɗu, a tafiya ta huɗu kuwa bai dawo ba.

An haifi Alfred Wegener a birnin Balin na ƙasar Jamus ranar 1 ga Nuwamba, 1880. Shi ne auta a gidansu. Ya yi karatun ilmin taurari har ya sami digirin digirgir a 1905, amma sai hankalinsa ya koma kan iska da gajimare da yanayi. Shi da wansa Kurt sukan shiga kwandon wani ƙaton balan-balan, su tashi sama don auna iska. A watan Afrilu na 1906 sun yi fiye da awa 52 a sama ba su sauka ba, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin su.

A wannan shekarar, lokacin da Zungeru take hedikwatar mulkin Turawa a Arewacin Nijeriya, Wegener ya bi ayarin masu bincike na ƙasar Denmak zuwa arewa maso gabashin Girinlan. Shekara biyu suka yi. Shugaban ayarin da mutum biyu sun mutu saboda yunwa da sanyi. Wani da ya ga haka, da ya haƙura da ƙasar. Shi kuwa a 1912 sai ya koma tare da Johan Peter Koch. Suka yi hunturu a kan ƙanƙara, suka haƙa ta zurfin mita 25 suna auna sanyinta. Da bazarar 1913 suka ratsa tsibirin daga gabas zuwa yamma da dawakai. Kafin su isa wurin mutane guzuri ya ƙare sarai, da ƙyar suka tsira. Da ya koma gida ya auri Else, 'yar shahararren masanin yanayi Wladimir Köppen.

Abin da ya fi sa sunansa ya bazu a duniya wani abu ne dabam. Ku ɗauki taswira, ku dubi gaɓar tekun Afirka ta Yamma inda ta lanƙwasa wajen Nijeriya da Kamaru, sa'an nan ku dubi ƙasar Barazil da ke tsallaken teku. Za ku ga kamar ƙwarya ce ta fashe gida biyu. A 1912 Wegener ya bayyana cewa nahiyoyi a dā a haɗe suke, daga baya suka rabu, kuma har yanzu suna tafiya a hankali. Ya buga littafi kan haka a 1915. Manyan masana suka yi masa dariya, don ya kasa nuna ƙarfin da ke tura nahiyoyin. Sai wajen shekara talatin bayan rasuwarsa aka tabbatar cewa lalle nahiyoyi suna motsi.

Amma mu koma kan ƙanƙara. Tambayar da ke damun masana a lokacin ita ce: mene ne kaurinta? A lokacin ba a iya haƙa ta har ƙasa ba. Kun san yadda mutum yakan jefa dutse cikin rijiya, ya saurara, ya gane zurfinta daga daɗewar da ƙarar ta yi kafin ta iso kunnensa. Dabarar da Wegener da abokan aikinsa suka ɗauka ta yi kama da wannan. Sukan binne nakiya a cikin ƙanƙara su tayar da ita. Girgizar takan ratsa ƙasa, ta bugi dutsen da ƙanƙarar ke zaune a kai, ta dawo kamar amsa-kuwwa. Wata na'ura kuma tana rubuta lokacin da ta ɗauka. Sun jarraba wannan a 1929, lokacin Wegener yana farfesa a birnin Graz na Ostiriya, suka ga kaurin ya wuce kilomita guda tun ba a shiga tsakiyar tsibirin ba.

A 1930 ya jagoranci babban ayari don kafa tashoshi uku: ɗaya a yamma, ɗaya a gabas, ɗaya a tsakiyar ƙanƙara. Ta tsakiyar suka sa mata suna Eismitte. Nisanta daga tashar yamma kilomita 400 ne, tsayin wurin kuwa kusan mita 3,000 daga teku. Tun farko aka sami cikas. Ƙanƙarar teku ta tare jirginsu kusan mako shida, amalanken da suka zo da su masu inji da farfela kuma suka kasa kai kaya. Mutum biyu, Johannes Georgi da Ernst Sorge, suna can tsakiya, suka aiko cewa man da za su ji ɗumi da shi ba zai kai su ƙarshen hunturu ba.

Wegener bai aiki kowa ba, shi da kansa ya tashi. Ranar 21 ga Satumba ya kama hanya tare da Fritz Loewe da mutanen Girinlan goma sha uku, karnuka suna jan amalanke marasa ƙafa a kan ƙanƙara. Sanyi ya yi tsanani har ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. Ku tuna, sanyin hunturun da ke sa ku ƙin wanka da safe bai ko kai sifiri ba. Mutanen Girinlan goma sha biyu suka juya, kuma ba a ga laifinsu ba, don sun san ƙasarsu. Saura wani saurayi, Rasmus Villumsen. Bayan kusan kwana arba'in su uku suka isa, hannu banza, don an zubar da kayan a hanya. Yatsun ƙafar Loewe sun lalace saboda sanyi, sai da Georgi ya yanke su da 'yar wuƙar aljihu.

Abincin tashar ba zai ishi mutum biyar ba. Ranar 1 ga Nuwamba, ranar da ya cika shekara hamsin, Wegener ya bar Loewe a can, shi da Villumsen suka juya yamma. Ba su isa ba. A watan Mayu na 1931 aka sami gawar Wegener a wajen rabin hanya. Villumsen ya suturta shi da kyau, ya binne shi, ya kafa alama, sa'an nan ya ci gaba shi kaɗai. Har yau ba a ga gawar saurayin ba. Mutum ukun da ke Eismitte kuwa sun rayu, Sorge ma ya haƙa rami mai zurfi yana nazarin yadda dusar ƙanƙara ke taruwa shekara bayan shekara.

Yau ba a bukatar nakiya don wannan aiki. Bayan 1960 masana, ciki har da Stanley Evans na Kambirij a Ingila, suka ƙera na'urar rada mai aika igiyar rediyo cikin ƙanƙara. Igiyar takan bugi dutse ta dawo, kamar dai amsa-kuwwar Wegener, amma ana iya yin awon daga jirgin sama. Da haka aka san cewa kaurin ƙanƙarar ya haura kilomita uku a tsakiya. Rada tana kuma nuna inda ruwa yake, don ruwa ya fi dutse mayar da igiyar da ƙarfi. Da bazara saman ƙanƙarar yakan narke, ruwan ya taru tafki-tafki, ya zurara ta ramuka har ƙasa, ya sa ƙanƙarar ta ƙara saurin sulɓewa zuwa teku. Tekun nan shi ne Atalantika, inda ruwan Kogin Kaduna da ke wucewa ta Zungeru yake ƙarewa bayan ya shiga Kogin Kwara. Da ƙanƙarar Girinlan za ta narke duka, da teku ya ƙaru da kusan mita bakwai, unguwanni da yawa na Legas da Fatakwal kuwa ba su kai wannan tsayi ba. Cikin masu wannan awo akwai cibiyar bincike da Jamus ta kafa a Bremerhaven a 1980, mai ɗauke da sunan Wegener.

Ba a mayar da gawarsa Jamus ba. Abokansa sun sake binne shi a inda suka same shi, suka kafa alamar ƙarfe. Dusar ƙanƙara ta daɗe da rufe kabarin da alamar, ƙanƙarar kuma tana tafiya da shi sannu a hankali zuwa gaɓar yamma.