Prafulla Chandra Ray, masanin da ya bi sawun masu shan zaiba

Shekaru aru-aru masu magani a Indiya sun yi suna ƙona zaiba da farar wuta da zinariya, suna ba mutane tokar don neman tsawon rai. Suna kiran wannan ilimi rasashastra. A aƙidarsu zaiba daga jikin Shiva ta fito, wanda duk ya iya tsarkake ta ya sha, jikinsa ba zai san tsufa ba. Wanda ya tono littattafan nan ya auna su da ma'aunin kimiyya shi ne Prafulla Chandra Ray.

An haife shi ranar 2 ga Agusta 1861 a ƙauyen Raruli da ke Bangladesh ta yau. Atini mai tsanani ya kwantar da shi yana yaro, ya bar masa ciwon ciki da rashin barci har ƙarshen rayuwarsa. Ya tafi Edinbara a 1882, ya sami digirin dakta a 1887. Da ya kama koyarwa a Kwalejin Presidency ta Kalkata a 1889, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ajiye shi a matakin ƙasa, Turawan da ba su fi shi ilimi ba suna samansa. Duk ma'aikacin da aka taɓa tsallakewa a ƙarin girma ya san wannan ɗacin.

A 1896 ya yi suna bayan ya haɗa wani sinadarin zaiba da masana suke ɗauka ba ya zama. Ƙarfafawar Marcellin Berthelot na Faransa ce ta sa shi farautar tsofaffin rubuce-rubucen Sanskrit, har ya fitar da tarihin kimiyyar sinadarai ta Hindu a juzu'i biyu, 1902 da 1909.

Tsawon rai dai ba a samu ba, domin zaiba guba ce mai lalata ƙoda da jijiyoyi. Makaradhwaja, maganin da aka fi ji da shi, jan garin zaiba da farar wuta ne. Zinariyar da ake zubawa tana zama a gindin kwalba. Amma Ray ya ga abin da masu raini ba su gani ba: wajen neman abin da babu, mutanen nan sun ƙware a tacewa, da tururi, da narka ƙarfe. Ya ɗora laifin mutuwar wannan ƙwarewa a kan tsarin bambancin asali, wanda ya sa malamai ƙyamar aikin hannu suka bar wa na ƙasa.

Bai yi aure ba. Kamfanin magunguna na Bengal Chemical ya kafa, kuma daga 1921 ya sadaukar da albashinsa ga sashen kimiyyar Jami'ar Kalkata, inda yake kwana a ɗaki guda. Ya rasu ranar 16 ga Yuni 1944, yana da shekara 82.